Yawon Buɗe Idon Hajiya Dela

Baki shi ke yanka wuya. In ba haka ba, me zai kai Na'ibi yawon gari a makon da ake kame?

Shi dai mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan. Yana saurayi ya gangara Bor Sudan ya kama aikin zuba gawayi a wani jirgin ruwa mai dakon shinkafa, har jirgin ya taɓa kai shi Saigon, can ƙasar Biyetnam. Kwana huɗu kacal ya yi a garin, amma wallahi shekara goma bai gama ba da labarinsa ba. Kasuwa mai hasumiyar agogo, kogi maƙil da kwale-kwale ana ciniki a kan ruwa, wani coci na jan bulo, kekunan haya masu kujera a gaba kamar ƙudaje don yawa. Duk wasiƙar da zai sa a rubuta gida sai ya cusa Saigon a ciki, ya ƙara da cewa yanzu kuwa Jidda a tafin hannunsa take.

Abin da bai taɓa sawa a wasiƙa ba shi ne yadda ya shiga Jiddan. Jirginsu ne ya tsaya sauke kaya, ya sauka da sunan sayo taba, bai koma ba. Shekara bakwai ke nan, ba fasfo, ba iƙama, wato takardar zama, ba wanda ya tsaya masa. Guga yake yi a wani lungu bayan ƙofar garin da ake kira Bab Makka. Daga ɗaki sai shago, daga shago sai masallaci, nan Jiddar tasa ta ƙare. Ya auri Mastura, haifaffiyar garin, ga ta da cikin wata takwas. In aka kama shi, jirgi za a tura shi ciki a tsallakar da shi Maliya, kuma shi da matar nan sai dai a lahira ko a mafarki.

To, ana cikin haka, a shekarar 1962, mahaifiyarsa Dela ta zo aikin Hajji. Ta gama, ta sauko Jidda jiran jirgin komawa, saura kwana uku. Daidai lokacin ke nan da askarawa ke baza komarsu suna tsince waɗanda suka maƙale bayan Hajji.

Na'ibi ɗan fari ne. Kakarsa ce ta raine shi, Dela kuwa tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallon ƙwayar idonsa a gaban mutane ba. Ko da ya je gaishe ta a masaukin alhazai ya durƙusa, bayan shekara goma sha biyu ba su haɗu ba, bango ta kalla ta ce, "An same ku lafiya?" Sai kuma ta ce wa bangon, "Ana ta ba mu labarin wani ya zaga Saigon. Mai wannan tafiya ai Jidda ba za ta gagare shi ba. Da an nuna wa mutum gari, da kabarin Nana Hauwa'u, ya samu abin faɗi a gida."

"To, Inna," in ji Na'ibi. Me zai ce? Tun da yake a duniya wannan ne abu na farko da ta taɓa nema a wurinsa.

Da ya koma gida ya faɗa wa Mastura, sai ta dafe ciki ta zauna. "Kai majanuni ne? Jiya-jiyan nan suka kwashe mutum tara a gidan burodi. Ka faɗa mata gaskiya, halas, shi ke nan. Ka ce ba ka da waraka, ba ka da takardar komai."

"In ce mata me? In ce duk wasiƙun nan ƙarya ne?"

"To ni fa? Wannan fa?" Ta nuna cikin.

Ya ce ta kwantar da hankalinta, yana da dabara. Fasfon alhazai ai ba a hannunsu yake ba, yana wurin wakili sai ranar tashi. Zai sa farar jallabiyar Sudan, ya naɗa rawani, ya riƙe buta da laima. Duk wanda ya gan shi da tsohuwa zai ce alhaji ne ya rako uwarsa, kuma ba a cika tsare irin waɗannan ba. Mastura ta ce ko dabarar ce ya sanar da tsohuwar. Ya ce zai faɗa mata a hanya. Kunya ta hana shi, bai faɗa ba.

Da hantsi suka fito. Suka fara bi ta kasuwar Bab Makka. Motoci na hon, jakunan masu ruwa na ratsa mutane, 'yan dako na ihun a ba su hanya, shi kuwa duk wani mai kakin da ya hango sai ya karkato laima ya kare fuskarsa. Hajiya Dela ba ta san ana yi ba. Tafiyarta take yi ɗaiɗai, tana taɓa yadi, tana shinshina turaren luban, ta tsaya ta taya carbi da ɗan Larabcinta na Sudan ba don za ta saya ba.

Ya shigar da ita kasuwar Suk Alawi, ya nuna mata dogayen gidajen nan na dutsen teku masu tagogin katako da aka sassaƙa. Ta ɗaga kai har mayafinta ya zame. "Ikon Allah! Mai hawa na biyar ɗin nan ta ina yake zubar da ruwan wanke-wanke?" Na'ibi bai sani ba. Gaskiyar magana shi ma yau ya fara ganin layin. Sau biyu yana ɓatar da su, yana cewa ai da gangan ne, ta nan ya fi inuwa.

Suka ɓulla bakin teku. Ta ga jirage jere a nesa, ƙananan kwale-kwale na kai da komo a tsakaninsu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi iska, "A irin wancan aka yi aikin?" Ya ce e. Ta gyaɗa kai, ya ga gefen bakinta ya motsa. Duk da tsoron da ke cinsa sai da daɗi ya kama shi, har ya fara ba ta labarin kogin Saigon. Yana tsaka da labarin wata babbar mota mai raga a baya ta wuce su a hankali, cike da mutane a tsugune. Wani a ciki ya yi kama da Ubale mai shayin layinsu. Ya katse labarin, ya juya wa titin baya.

"Inna, rana ta yi zafi. Ko mu koma?"

"A zo har Jidda ba a gai da uwar 'yan Adam ba? Wa zan faɗa wa wannan?"

Haka suka nufi maƙabartar. Doguwar katanga ce fara da ƙofa guda, ba wani abin kallo. Mai gadi ya ce mata ba sa shiga. Na'ibi har ya yi hamdala a ransa, ya ce to sai a yi addu'a daga nan a juya. Ya ɗaga hannu ya rufe ido, ya ja Fatiha da sauri. Yana buɗe ido ya ga Hajiya Dela tsugune a gindin katanga, tana kankarar ƙasa da farce tana ƙullewa a gefen zaninta. Tsaraba ce za ta kai wa wata jikarta da haihuwa ta yi wa wuya.

"Haram, ya Hajja! Haram!" Mai gadi ya daka tsawa, ya yo kanta yana kaɗa sanda a sama.

Mutane suka fara taruwa. Na'ibi ya kama hannunta yana cewa ta zubar, don girman Allah ta zubar su tafi. Ta fizge. Ita da ta tsallako teku, ɗan ƙullin ƙasa ne za a hana ta? Motar nan mai raga, wadda ashe tana bakin titi, ta yi baya ta tsaya. Askarawa biyu suka sauko, babba mai gashin baki da wani dogo baƙi wanda da gani jinin takari ne.

Babban bai tsananta wa tsohuwa ba. Ya sa ta kwance ƙullin ta zubar, ya ce ƙasa ba ta ba da komai, Allah ke bayarwa. Sannan ya juyo kan Na'ibi ya miƙa hannu. "Waraka."

"Tana wurin wakili," in ji Na'ibi da Larabci. "Alhaji ne ni. Uwata na rako."

Askarin ya dube shi sama da ƙasa. Ya dubi hannun da ya riƙe buta, duk tabon ƙunar dutsen guga. Ya ce, "Alhajin bana da harshen mutanen Jidda?" Amma ya ɗaga kafaɗa, kamar mai son a gama a huta. Ya juya ga Hajiya Dela ya nuna Na'ibi da yatsa. "Ya Hajja, wannan ɗanki ne?"

Ta ji tambayar sarai. Maza sun fi ashirin a tsaye, kowa ya zuba mata ido. A gaban wannan taro za ta buɗe baki ta ce ɗan fari nata ne, kamar wata marar kunya? Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai.

"Inna," Na'ibi ya ce a hankali. "Inna, ki amsa masa."

Dogon askarin ya matso, ya yi mata Hausarsa ta haifaffun Makka. "Hajiya, ki faɗi bas. Yaro naki? Ki ce aiwa, halas, ku tafi."

Wannan ya ƙara mata kunya, tunda har da ɗan gida a masu sauraro. Ita a tsammaninta duk maganar ƙasar nan ce, za a yi musu faɗa a sallame su. Ta sunkuyar da kai ta girgiza shi, ta ce cikin mayafi, "Na mutane ne."

Babban bai buƙaci tafinta ba, ya ga girgiza kan. Ya tambaye ta sunan mutumin, ta juya fuska ga katanga. Ya sake tambaya, ta ƙara jan mayafi.

"Yalla," ya ce, ya nuna wa Na'ibi motar.

Na'ibi ya shiga rantsuwa, yana cewa al'ada ce, wallahi uwarsa ce, a garinsu haka ake yi. Wa zai yarda akwai garin da uwa ba ta san sunan ɗanta ba? Suka riƙe shi ta hammata. Buta ta faɗi, laima ta faɗi. Ya waiwayo yana ihu da Hausa, abin da ya kamata ya faɗa tun da safe yanzu yake fitowa a guje. "Inna, ba ni da takarda! Tsallakar da ni za su yi! Mastura na gida, haihuwa yau ko gobe! Bayan gidan burodi, ƙofa mai shuɗin fenti!"

Aka tura shi cikin raga, aka ja sakata. Ashe kuwa Ubale ne, ya matsa masa wuri.

Hajiya Dela ta saki mayafin. Sai a lokacin maganar ta isa kanta. Motar ta tashi, tsohuwa ta biyo ta da gudu, takalmi ɗaya ya cire, tana dukan iska da hannu biyu.

"Ɗana ne! Ni na haife shi! Na'ibi! Na'ibi!"

Da farko bai ma ɗago ba, don bai san sunansa da wannan muryar ba. Da ya gane, ya kama ragar da hannu biyu ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Direba bai ji ba, ko ya ji bai san Hausa ba. Ya sa giya ya karya kwana, ya miƙe hanyar tashar jiragen ruwa.