Manhajar Auta da Haƙorin Mai Taya

Autana ya haura arba'in, furfura har ta fara leƙo masa a gemu, sannan ne ya tashi wai shi sai ya koyi rubuta manhajar kwamfuta. Maɗaba'ar da yake wa aiki ce ta rufe. Ya zauna a gida, zaman ya ishe shi, ya ishi matarsa. Ni kaɗai ce bai isa ba, don na samu abokin hira.

Matar tasa koyarwa take yi, Malama muke ce mata. Tana da tsafta har ta yi mata yawa, kuma ba ta son ganin namiji a zaune. Yayanta yana da shagon taya a bakin titi, wani ƙaton mutum mai murya kamar ana jan tebur, Mai Taya ake ce masa. Tun ranar da ya ji labarin kwamfutar ya laƙaba wa Auta Injiniya, ba don girmamawa ba. Ya ce in Injiniya ya gaji da wasan yara, akwai gurbi a shagonsa, ya zo ya riƙa mirgina tayoyi. Malama ta ce madalla. Auta ya ce a yi masa haƙuri ya gwada sa'arsa sau ɗaya.

Sa'ar kuwa ni na samo masa ita. Ƙawata sakatariya ce a wurin likitan haƙori da ke ƙarshen layinmu, kuma duk abin da ya faru a ɗakin jiran nan kafin yamma ya iso kunnena. Ita ta gaya mini Likita ya gaji da rigimar wa ya riga wa, ita kuma muryarta ta dishe da kiran sunaye. Aka yi magana, Likita ya ce Auta ya yi manhajar da za ta riƙa kiran masu jira bi da bi ya kawo a gani. In ya karɓa, Auta ya tsira da kwamfutarsa. In ya ƙi, taya.

A ɗakina ya kafa teburin, kusa da gadona, don a falo yara ba sa barinsa. Abin da yake haɗawa ba shi da yawa a ido. Taga ɗaya ce a allon kwamfutar da gurbin rubuta suna, da maɓalli mai cewa Na Gaba. In an danna, wata tagar ta fito da sunan da manyan haruffa, ita ce za a haska a talabijin ɗin ɗakin jira, ƙararrawa ta kaɗa. Harshen da yake rubutawa da shi wai Si-shaf. Na ce masa ko sunan ma bai yi kama da abin da zai ciyar da iyali ba.

Ranar farko da ya danna, ƙararrawa ta kaɗa, sai tagar ta yi fari fat ta ƙi motsi.

Na ce, "Ta yi fushi."

"Ba fushi ba ne, Inna. Ma'aikaci ɗaya ne a ciki yake yin komai. Na sa shi ya tsaya jiran ƙararrawa ta gama, to wa zai kula da tagar?"

"Ni ke nan lokacin da babanku yake da rai."

Bai yi dariya ba. Ya kwana biyu yana tambayar wasu mutane a intanet, wani ya ce masa tambayarsa ta yara ce, wani mai kirki ya nuna masa yadda zai ba ƙararrawar nata ma'aikacin daban. Tagar ta daina suma.

Wata rana da hantsi ya tashi zai zaga, ya ce kada in taɓa masa komai. Wannan maganar ita ta jawo. Yana fita na sauko daga gado na danna maɓallin. Ƙararrawar ta yi mini daɗi, na sake. Na yi ta dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Kafin ya dawo tagogi sun hau kan juna sun cika allon, kwamfutar tana huci.

"Inna!"

"Hannuna ne ya zame."

"Sau nawa ya zame?"

Ya zauna ya dafe kai, can sai ya ɗago. Ashe duk dannawa sabuwar taga yake haifa, maimakon ya canza sunan a wadda take buɗe. Shi da yake danna sau ɗaya cikin ladabi ya rufe, bai taɓa gani ba. Ya gyara, ya ja mini kujera ya ce, "Sake ɓata shi."

Tunda nake, ba wanda ya taɓa roƙona in yi ɓarna. Na riƙe aikin hannu bibbiyu. Na bar gurbin suna fayau na danna, manhajar ta faɗi da wani dogon Turanci. Ya gyara. Na ɗora gwiwar hannuna a kan haruffan. Ya gyara. Da yatsa ɗaya na rubuta labarin matar mai kanti da telan da ya ɗinka mata riga ta ƙi shiga, tun daga farko har inda ta jefe shi da takalmi, sai rubutun ya tsallake allon ya bar rabin telan a waje. Auta ya sa iyaka ga tsawon suna, ya kuma ce in goge kafin Malama ta gani. Kullum layin masu jira na cikin manhajar a cike yake da sunayen maƙwabta, kowa na ba shi ciwon da ya dace da shi.

Abin da ya fi ba shi wahala agogo ne. Ya sa agogo a saman allon, yana tafiya lafiya lau, sai an ɗan jima ya tsaya cik, ba faɗuwa ba Turanci. Auta ya rame a kan agogon nan. Da ya gano, sai ya yi mini bayani yana murna.

"Inna, a irin wannan harshen akwai mai shara a ciki. Ba kai kake kwashe abin da ka gama da shi ba, shi yake zagayawa. Duk abin da ya ga babu wanda ya riƙe, sai ya kwashe. Na ƙirƙiri agogon na sake shi, ban ɗaure shi a jikin tagar ba, shi ne ya ɗauka shara ne."

Daidai nan Malama ta gifta ta ƙofa da tsintsiya.

Na ce, "Malama, zo ki ga 'yar'uwarki a cikin kwamfuta. Ita ma ba ta tambaya kafin ta zubar. Ina gwangwanayena na ƙarƙashin gado?"

Ta tsaya ta ce, "Mama, abin da ya zauna wuri ɗaya ba ya aikin komai, ai dole a ɗaga shi." Ba ni take kallo ba, mijinta take kallo. Auta ya sunkuyar da kai ya ɗaure agogonsa.

Ranar gwaji na ce haƙorina yana ciwo, sai an tafi da ni. Auta ya ce wanne daga cikin waɗanda suka rage, na ce wannan tsakanina da Likita ne.

Ɗakin jiran ƙarami ne, kujerun roba a jere, warin magani, da wata shuka a tukunya da ta daɗe da sallamawa. Auta ya haɗa waya daga kwamfutar Sakatariya zuwa talabijin ɗin bango. Ina juyawa, wa zan gani a kujerar lungu? Mai Taya, kumatunsa na dama ya kumbura suntum. Haƙori ya hana shi barci, ya kuma ji daga ƙanwarsa yau ne gwajin, ya ce bari ya haɗa biyun.

"Injiniya," ya ce ta gefen baki, "na sa an wanke maka rigar aiki."

Sakatariya ta raɗa mini cewa mutumin nan bai taɓa ba da sunansa ba. Don shi yake canza wa Likita taya, sai ya ce shi ɗan gida ne, ya zauna yana fakon ƙofa, da ta buɗe ya kutsa. Rabin faɗan da ake yi a ɗakin nan shi ne sila. Yau ma da ta tambaye shi, hannu ya ɗaga mata.

Likita ya fito, gajere mai gaggawa, ko zama bai yi ba ya hau maɓallin da duka. Taga ɗaya. Ya bar gurbin suna ba komai, manhajar ta ce masa cikin ladabi a rubuta suna. Ya rubuta shirme mai tsawo, ta yanke. Na gyara zama ina jin kaina, don duk inda ya taka na riga shi takawa. Ya ce a gwada da mutane. Ƙararrawa ta riƙa kaɗawa, suna yana fitowa, mai shi ya tashi ya shiga. Mai Taya ya yunƙura zai kutsa, wata mata mai goyo ta nuna masa sunanta a bango, ya koma ya zauna yana tsaki.

Wajen azahar ɗaki ya watse, saura ni da Mai Taya a kujerun jira. Likita ya fito yana goge hannu, ya miƙa yatsa ya danna da kansa. Ƙararrawa ta kaɗa. A bango, da haruffa kamar na allon talla, aka rubuta: BABU KOWA, JAKI. ME KAKE JIRA?

Karatuna ba mai nisa ba ne, amma wannan na karanta shi tsaf, kuma da ƙarfi, saboda na saba karatu a bayyane.

Daga baya na ji asalin abin. Tun farkon koyonsa, Auta yakan manta sunayen layin sun ƙare ya yi ta dannawa, shi ne ya rubuta wa kansa wannan zagin don ya riƙa tunawa. Ya manta da shi. Ni kuma ban taɓa barin layin ya ƙare ba, maƙwabta sun yi yawa.

Mai Taya ya miƙe. Maganar ba ta fita sosai saboda kumburin, amma mun gane. Wai shi za a zaga a bainar jama'a, alhali jama'ar ni ce. Wai da gangan aka shirya. Wai ko kyauta ba zai ɗauki Auta ba, ko tayar keke ba zai bari ya taɓa masa ba.

Auta ya tsaya gumi yana bin wuyansa. "Yaya, wallahi da kaina nake."

"Da kanka? Kai ne a zaune kana jira?"

Na dubi ɗana, tausayinsa ya kama ni. Taya ta kuɓuce, ga kwamfuta tana shirin bin ta.

Likita ya juya mana baya. Ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Muka ji wani sauti kamar an shaƙe akuya, aka daɗe ana yi. Da ya fito fuskarsa a ɗaure, idanunsa jawur, yana goge tabarau.

Ya ce wa Auta, "Abin nan zai iya kiran wanda ba a rubuta sunansa ba?"

"A'a, Likita."

"Ko ni na ce a kira shi?"

"Sai an rubuta."

"To na karɓa. Ka cire jakin, sauran ka bar shi yadda yake. Abokina mai asibitin ido ma zai so irinsa."

Mai Taya ya riga ya kai bakin ƙofa, ya ja ta da ƙarfi zai fita. Iskar waje ta daki haƙorin. Ya tsaya ya runtse ido, ya dafe kumatu. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo a hankali ya zo gaban tebur.

Sakatariya ta gyara tabarau, ta ɗora yatsu a kan haruffa, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Suna?"

Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Alhaji."

Ya sake faɗa. Ta rubuta harafi bayan harafi, ta ce ya koma ya zauna sai an kira shi. Ya koma kujerar lungu ya zauna. Ta bar shi ya ɗan huta, sannan ta danna. Ƙararrawa ta kaɗa, sunansa ya fito a bango, ya tashi ya shiga.