Kwandalolin Berut

Barau ya kwance ƙullin ya zazzage shi a kan farantin sikeli, kwandalolin robar suka watse, ja da kore da baƙi, ɗaya ta gangara ƙarƙashin buhun gyaɗa.

"Tattara kayanka, mutumin Berut," in ji shi.

Badaru ya yi wuf ya rufe su da hularsa. Kasuwar Gaya ta cika, manoma uku na tsaye da jakunansu suna jiran awo. Ya ce su ɗan ba shi wuri, ya ja Barau bayan rumfa.

"Ba su canza ba?"

"Banki biyu na shiga a Kano. Na farko suka ce ba su san su ba, na biyu akawun ya kira abokinsa suka yi ta dariya. Sai wani tsohon ɗan canji a Fagge ya ji tausayina. Ya ce wannan ba kuɗin wata ƙasa ba ne. Na gidan caca ne, a cikin gidan kaɗai suke da rai." Barau ya gyara wuyan rigarsa. "Ni ka sa na ɗauki caca a aljihu da sunan masallaci."

Badaru ya jingina da ginshiƙin rumfar. Shekara tara yana saya wa wani Kwara gyaɗa, Balaraben Berut mai ciniki a Kano, kuma bana da kaka ta yi kyau Kwaran ya ce zai kai shi ƙasarsu ya buɗe ido. Aka sauke shi a wani otal a bakin teku, gari guda a cikin gini ɗaya, da wurin wanka da kantuna da gidan rawa. Rana ta uku bayan azahar Kwaran ya tafi ganin danginsa, Badaru ya bi wasu Turawa cikin wani zaure mai jan kafet wanda ba shi da taga ko ɗaya. Ya san ko mene ne tun daga ƙofa. Ya ce kallo kawai zai yi. Da ya ga faranti yana juyawa, ɗan ƙwallo yana tsalle, sai ya miƙa guzurinsa duka ta wata 'yar taga, aka turo masa kwandaloli. Ya aza, ya ci. Ya sake azawa, ya sake ci. Wata mata mai jan farce ta tafa masa.

Da kunya ta kama shi, bai tsaya tambayar kowa ba. Ya kwashe ya fita ta ƙofar baya, ya ɗinke su a ɗamara kamar yadda mai tafiya Makka yake yi da guzurinsa. Shekarar nan aka sauya fam da naira, kowa yana ganin sabon kuɗi. Ya ɗauka nasu kuɗin ke nan.

Ranar Juma'ar da ya dawo Toranke, ya zube rabi a gaban Malam Ɗalhatu, limamin gari kuma surukinsa, ya ce a sayi kwanon rufin masallaci. Liman ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a. Aka wakilta Barau ya kai su Kano.

"Wa ka faɗa wa?" Badaru ya tambaya.

"Tukuna. Daga tasha na yo nan, ai mu abokai ne tun muna kiwo." Barau ya leƙa cikin rumfar, idonsa ya tsaya a kan sikelin. "Sai dai Malam yana jirana da la'asar. Kai ka san shi. Ranar da ya ji an buga karta a zauren Ɗantani, wata uku bai amsa sallamarsa ba. Kai kuwa a masallaci ka ajiye, ya shafa addu'a a kai. 'Yarsa ba za ta kwana a gidanka ba."

"Faɗi abin da kake so."

"Na gaji da noma, Badaru. Ka ce wa Kwaranka ƙafa ta dame ka, ni zan riƙe awon Gaya da Ajingi. Ni kuma in ce wa Malam banki sun karɓa, sun ce sai sun aika ƙasar waje. Kafin damina ka san yadda za ka yi da kwano."

"Sikelin nan shi ne abincina."

"Ni ma ina da baki."

Badaru ya dubi ƙugiyar sikelin. Sannan ya ciro makullin rumfar daga aljihu ya miƙa. Barau ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi goro, ya shiga ya ce wa manoman, "Wa ke gaba?"

Badaru ya tura kekensa har Toranke bai hau ba. A tsakar gida ya tarar da yayarsa Hure a kan tabarma da basilla a wuta. Ita ya ba ajiyar ɗaya rabin. Ta huda guda goma sha biyu ta jera a zare.

"Yaya, me kika yi?"

"Ka ce kuɗi ne, na kai wa mai gishiri ya ce in ba jikokina su yi wasa." Ta ɗaga zaren tana juya shi a rana. "Amma fa suna da kyau. Matarka Suwaiba za ta sa ranar suna, mutane su san mijinta ya je Berut."

Badaru ya yi alwala ya fita.

Bayan la'asar liman ya riƙe hannunsa a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. "Barau ya kawo labari mai daɗi. Allah ya sa ka tarar da shi a can, Badaru."

"Amin, Malam," in ji Badaru, idonsa a ƙasa. Asiri ya rufu. Ya biya, an rufe.

A nan wata farar mota ta karyo kwana ta tsaya daf da masu sa takalma. Wani mutum ya fito, da baƙin tabarau da taba a yatsa, ba wanda ya san shi. Ya yi sallama sama-sama.

"Wane ne limamin nan?"

Malam Ɗalhatu ya saki hannun Badaru ya matsa gaba.

"Ranka ya daɗe, a Fagge aka ba ni labari. An ce masallacinku yana da kwandalolin wani gida a Berut. Ni ina zuwa gidan duk bayan wata uku. Rabin kuɗinsu zan biya, yanzu."

"Wane gida ke nan?" liman ya tambaya.

Baƙon ya cire tabarau, ya dubi jama'ar ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi.

"Au, ba a gaya maka ba?"