Yatsun Ƙafar Hajjo

Tun daga tashar Suleja Mas'uda take mutsu-mutsu a kujerar bas, har matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko kuɗin cizo ne. Ita ce shugabar ungozomomi a wani ƙaramin asibiti a Chaza, kuma yau za ta yi jawabi a Abuja gaban ungozomomin ƙasashe daban-daban. Kan jawabin ma abin dariya ne ga duk wanda ya san ta: yadda manya za su sakar wa ƙanana ragamar aiki. Mas'uda da ko almakashin yankan cibi ba ta yarda wani ya riƙe.

Hajjo ce ta tsaya mata a rai. Mai cikin fari ce, ta zo asibitin da safe tana murmushi, ko me aka tambaye ta sai ta ce ba komai. Haka aka tarbiyyantar da ita, mai haihuwar fari ba ta raki, ko da naƙuda za ta raba ta biyu. Debora kuwa, wadda aka bar wa ɗakin haihuwa, ba ta daɗe da gama makaranta ba, kuma a garinsu mai naƙuda ihunta take yi son ranta. In ta ga murmushin nan ta ce da saura, ta sallame ta, a Keke Napep za a haihu, ga Hajjo da ƙarancin jini.

Mas'uda ta kira wayar Debora, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Cunkoson Madalla ya riƙe bas ɗin, tsoro ya riƙe ta.

"Direba, sauke ni nan."

"Hajiya, ai ba mu kai ko'ina ba."

"Na sani."

Ta hau mashin da leshinta na taro, ta yi ta zungurar mai mashin a kafaɗa har Chaza. Ta zagaya ta bayan ɗakin haihuwa, inda labulen taga bai rufe duka ba.

Hajjo na kan gado, bakinta gum. Debora na sanye da safar hannu, muryarta a kwance.

"Ki yi ta cewa ba komai, 'yar'uwa. Anti Mas'uda ta ce kada in saurari bakinku, yatsun ƙafa zan duba. Naki tun ɗazu a naɗe suke. To yi nishi."

Mas'uda ba ta ma tuna ranar da ta faɗa ba. Hannunta ya kai ga ƙofar baya. Kan jaririn ya fara fitowa, nan ne kullum take ture kowa ta karɓa. Ta san in ta shiga yau, Debora za ta ja gefe, kuma haka za ta yi ta ja har ta gaji ta bar aikin. Ta janye hannun, ta cusa shi a hammata, ta tsaya tana zufa. Bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Kukan jariri ya tashi. Ba ta tafi ba sai da ta ga mabiyiya ta fito, Debora ta shafa cikin ta duba jini.

Tana bakin titi tana tare mashin wayarta ta yi ƙara.

"Anti, yi haƙuri, hannuna ne ba sarari. Hajjo ta sauka, mace. Akwai matsala ne?"

"Babu," in ji Mas'uda. "Ɗakin naki ne. Ba sai kin ba ni rahoto ba."