Fassarar Maganar Malam Dikko

Khadijatu Dikko ta shekara goma sha ɗaya tana aikin tafinta a wani asibiti da ke unguwar Bronx a birnin New York. Idan aka kawo majiyyaci ɗan Nijar ko ɗan zangon Kumasi wanda ba ya jin Turanci, ita ake kira ta tsaya tsakaninsa da likita. Dokar aikin guda ce, kuma ta riƙe ta da gaske: abin da mutum ya faɗa shi za ka faɗa, ko zagi ne, ba ragi ba ƙari.

Wata Talata cikin watan Agusta, lokacin abincin rana, Godiya ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Godiya nas ce, 'yar Jos, sun daɗe suna aiki tare. Ta ce ranar Asabar ta kai 'ya'yanta wani ƙaramin gidan tarihi a Manhattan, inda ake baje kolin cika shekara tamanin da ƙarewar yaƙin duniya na biyu. A can ƙarshen zauren akwai wani lungu da aka ware wa sojojin Afirka ta Yamma da aka kai yaƙin Bama, can nahiyar Asiya, da talabijin guda inda wani tsoho ke magana da Hausa. A ƙasa an rubuta Dikko, Ɗambatta, 1988.

"Anti Khadija, hancinku ɗaya da shi," in ji Godiya. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Abin da yake faɗa daban, abin da suka rubuta da Turanci daban."

Mahaifinta Malam Dikko ya rasu a 1994, Khadijatu tana da shekara ashirin da biyu. Ta san ya je Bama, amma bai taɓa ba su labarin ba. Abin da ta sani daga bakin yayanta Ja'afar ta ji shi, wanda ke cewa Baba saje ne, kuma ya kashe Jafanawa ba adadi. Tana tuna cewa a tsakiyar kan mahaifinsu akwai wani wuri mai kanta da gashi ba ya fitowa, shi ya sa hula ba ta barin kansa sai wajen alwala. Tana kuma tuna ranar da wani Bature ya zo da kyamara, aka ce mata su koma cikin gida.

Ranar Alhamis ta tashi aiki da wuri ta hau jirgin ƙasa. Ta wuce hotunan Normandy da na Berlin da na jiragen ruwan Amurka ba tare da ta tsaya ba. Lungun nasu bai fi faɗin tabarma biyu ba. Akwai taswirar kwarin Kaladan, da malafar soja a cikin gilashi, da bayanin cewa runduna ta tamanin da ɗaya ta ratsa dajin Arakan a 1944, inda mota ba ta shiga, jiragen sama na jefo mata abinci. Ta ɗauki abin sauraro ta sa a kunne.

Shi ne. Yana zaune a bakin zaurensu cikin farar rigar da ta sha wanke masa. Shekara talatin da ɗaya rabon da ta ji muryar nan.

"Ni ba a ba ni bindiga ba," in ji Malam Dikko. "Adda aka ba ni da gammo. Harsashin igwa muke ɗauka a ka, mu hau dutse mu sauka, tun safe har duhu. In Jafanawa suka buɗe wuta, mai bindiga ya kwanta ya rama, mu kuwa sai mu kwanta da kaya."

Rubutun Turancin da ke ƙasa ya ce ya yi alfahari da ɗaukar makamin Sarkin Ingila.

Sai ya shiga labarin Rwang, wani mutumin Jos da ke bayansa a layi. Lokacin da Jafanawa suka koro su baya, harsashi ya sami Rwang a cinya. Su huɗu suka ɗaure gora suka yi makara, suka ɗauke shi kwana biyu. Da suka iso bakin wani rafi, kyaftin ya ce a ajiye shi, saboda akwai akwatunan batirin wayar iska da ba su da masu ɗauka. Dikko ya ce ba zai ajiye ba. Aka ɗora masa bindiga a ƙirji, ya ajiye. Bayan sun isa sansani aka yi masa bulala a gaban jama'a saboda ya yi musu.

"Da ransa muka bar shi, da gorar ruwa a gefensa. Yana kiran sunana har muka haye. Ka gaya wa Baturen nan ya rubuta haka."

Turancin ya ce ya rasa aboki a bakin rafi, haka yaƙi yake, kuma hafsoshinsu sun riƙe su kamar 'ya'yansu.

Minti huɗu ne duka. Sau uku ta saurara. A na ukun wani dattijo Ba'amurke ya tsaya kusa da ita ya karanta rubutun, ya gyaɗa kai, ya ce mata lalle mutanen nan masu biyayya ne. Ta cire abin sauraron. Ta bar wurin, don ta san in ta buɗe baki ba a kansa kaɗai zai tsaya ba.

Ta je wajen mai tsaron ƙofa ta ce tana son ganin wanda ya shirya wannan lungu, kuma ba za ta tafi ba sai ta gan shi. Bayan rabin awa wata matashiyar ma'aikaciyar gidan tarihin mai suna Rafia ta sauko, ta kai ta ofis. Khadijatu ta zayyana mata jimla bayan jimla, abin da aka faɗa da abin da aka rubuta. Ta ce a asibitinsu da tafinta zai yi rabin wannan, ranar zai bar aiki. Ta ce sun ɗauki mutumin da aka yi wa bulala sun sa shi yana gode wa mai bulalar, a gaban duk wanda ya sayi tikiti.

Rafia ta rikice. Ta ce babu mai jin Hausa a cikinsu. Kaset ɗin ya zo ne cikin kayan wani farfesa da ya mutu, tare da fassararsa a buge. Ta ɗauko fayil ta miƙa mata. Khadijatu ta riga ta gama shirya abin da za ta faɗa a kan farfesan, sai ta juya shafin ƙarshe. A wajen sunan mai fassara an buga Ja'afar Dikko, da sa hannunsa a ƙasa, irin wanda ta sani tun tana firamare.

Ba ta koma gida ba. Kai tsaye ta wuce unguwar University Heights inda yayanta ke zaune, ta hau bene hawa huɗu da ƙafa don ba za ta iya jiran lif ba. Ja'afar ya dawo daga la'asar ke nan. Shekararsa sittin da uku, ya yi ritaya daga aikin harhaɗa magunguna, shi ne kuma ake kira in an sami saɓani a ƙungiyar 'yan Arewa. Matarsa Sa'adiyya ta yi mata sannu da zuwa ta nufi kicin, Khadijatu ta ce ta bar shayin.

Ta ajiye masa hoton shafin da ta ɗauka a waya. Ya daɗe yana kallo. Bai yi musu ba. Ya tambaya a ina ta samu, ta gaya masa, ya ce ai ya ɗauka kaset ɗin ya ɓata tuntuni.

"Yaya, abin da ya dame ka ke nan? Cewa bai ɓata ba?"

Ya ce ta zauna. Ta ƙi. Sai ya fara bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa ma'aurata masu rigima. Ya ce lokacin shekararsa ashirin da shida, yana koyarwa a sakandare, shi aka nema ya yi tafinta. Har ranar nan shi ma bai san Baba ɗan dako ne ba. Tun yana yaro ya ƙirƙiri maganar saje don 'ya'yan tsofaffin soja su daina yi masa gori, har ya zo ya yarda da ita. Ranar kuwa dagaci na zaune, malaman makarantarsu biyu na tsaye, ga Bature da kyamara, sai Baba ya buɗe baki ya ce gammo. Ya ce a garinsu ya sha jin masu bindiga na kiran irin su Baba jakunan soja. Bakinsa ya ƙi faɗar hakan da Turanci. Da ya gyara jimla ta farko, sauran suka bi. Da Baturen ya ce a rubuta masa a takarda, ya rubuta abin da ya riga ya faɗa.

"Na rufa masa asiri ne, Dije."

"Wane asiri? Mutum ya ɗauki ɗan'uwansa kwana biyu a daji, ya ƙi ajiye shi sai da aka sa masa bindiga. Wannan ne abin kunya? Kanka ka rufa wa asiri. Shekara arba'in da huɗu yana riƙe da maganar nan, ranar da ya samu ya faɗa, ɗansa ya tare ta a hanya."

Sa'adiyya ta leƙo ta ce ta sassauta, maƙwabta na ji. Khadijatu ta ce su ji. Ta tambaye shi ko Baba ya taɓa sani. Ja'afar ya sunkuyar da kai. Ya ce bayan Baturen ya tafi, Baba ya kira shi zaure ya tambaye shi ko ya faɗa masa duka, har da sunan Rwang. Ya ce e. Baba ya ce to alhamdu lillahi, yau ya sauke.

Nan ne ta ji kamar ta ɗauki wani abu ta jefe shi. Ta ce masa da ƙarya ɗaya ce da ta nemi inda za ta ajiye ta, amma ya bar tsoho ya shiga kabari yana zaton an ji shi. Ta ɗauki jakarta ta fita, bai bi ta ba.

Washegari ta nemi Rafia ta ba ta kaset ɗin gaba ɗaya. Minti hamsin da biyu ne. A ciki akwai yadda dagacin wancan zamani ya zaɓe su aka kai su Kaduna, da tafiyar jirgin ruwa daga Ikko zuwa Bombay, da yadda suka sare daji da adda suka yi hanyar mota mil saba'in da wani abu, da shigarsu garin Myohaung a farkon 1945 bayan Jafanawa sun janye. Ya ce yaƙi ya ƙare suka ƙara kusan shekara suna jiran jirgin da zai mai da su gida. A bayan kowace magana ana jin muryar Ja'afar, saurayi, yana juya ta da Turancinsa mai daɗi. Kwana huɗu ta yi tana fassara, Godiya na duba mata. Da suka zo wajen rafin Godiya ta tashi ta fita baranda, ta ce Rwang sunan kakanta na wajen uwa ke nan, ko da yake ba shi ba ne.

Gidan tarihin ya yi godiya, sannan ya fara jan ƙafa. Aka ce sai kwamiti ya zauna. Aka ce ita 'yarsa ce, sai an sami wani na daban ya tabbatar. Saura mako uku a rufe baje kolin. Ranar Asabar Khadijatu ta sayi tikiti ta tsaya kusa da talabijin ɗin, duk wanda ya ɗauki abin sauraro ta gaya masa rubutun ƙarya ne, ta ba shi takardar fassararta. Mutum ashirin da 'yan kai suka karɓa kafin mai gadi ya ce ta daina ko ta fita. Ta ce ya kira mata wanda zai fitar da ita daga gaban mahaifinta. Ba a kira kowa ba. Ranar Litinin Rafia ta samo wani malamin harsuna ɗan Damagaram mai suna Ismaël, ya saurara, ya ce kalma biyu kawai zai canja, sauran daidai ne.

Saura kwana tara aka sa sabon rubutun. Rafia ta tambaye ta ko a ƙara bayanin cewa fassarar farko ba daidai ba ce. Ta ce a ƙara, a kuma sa sunan wanda ya yi ta. Bayanin suka sa, sunan suka ƙi, wai ba sa son rigima.

Duk da haka magana ta zaga Bronx. Dattawan ƙungiya biyu suka zo gidanta, suka ce ta tona wa yayanta asiri a idon duniya kan abin da ya wuce shekara talatin da bakwai, ta je ta ba shi haƙuri. Ta ba su ruwa, ta kunna musu minti huɗun a wayarta. Suka saurara har ƙarshe. Ɗayansu ya ce duk da haka babba babba ne. Ta ce ta ji, amma ba za ta je ba.

Ja'afar bai taka gidan tarihin ba har aka rufe. Cikin Oktoba ya kira ta, bayan gaisuwa ya ce yana son ta aiko masa da fassarar tata ya karanta. Ta ce Hausa Baba ya yi, kuma shi ma yana wurin, ba ya bukatar tafinta. Ta kashe wayar. Bayan kwana biyu ta tura wa Sa'adiyya sautin kaset ɗin ba tare da fassara ba. Sa'adiyya ta ce Ja'afar ya saurara shi kaɗai a ɗaki. Har yanzu in sun haɗu a suna ko ta'aziyya, Khadijatu na gaishe shi kamar yadda ake gai da yaya, sannan ta nemi wuri a ɗaya gefen ɗakin ta zauna.