Karfasar Malam Dikko da Eriyar Hamida

Kullum da hantsi Malam Dikko kan kafa hularsa, ya soke biro a aljihun gaba, ya tsaya tsakar gida ya yi gyaran murya. "Zan tafi duba lamba," in ji shi. Matarsa Maimuna ba ta iya hana shi, don lambar ta karatun 'yarsu ce.

Hamida, autarsu, tana shekarar ƙarshe a sashen lantarki na wata babbar makaranta a Birnin Kebbi. Aikin kammala karatunta wani ɗan koren allo ne, bai fi tafin hannu ba, wanda ta ɗaure a jikin turke cikin gonar shinkafarsu a fadamar Gulma. Allon yana auna zurfin ruwa, ya nuna lamba a ɗan gilashi. Sai dai bebe ne, ba ya gaya wa kowa, dole a taka a karanta. Wannan bebanci kuwa shi ne rufin asirin Malam Dikko.

Tun da likita a Argungu ya ce yana da hawan jini, Maimuna ta tsaya a kansa tsayin daka. Ta raba shi da gishiri, ta raba shi da mai, ta hana shi shiga rana, gona kuma ta koma hannun manyan 'ya'yansa. Duba lambar nan kaɗai ta rage masa ta fita. Taku arba'in daga turken kuwa, ƙarƙashin wata ɗorawa, amininsa Maigandi yana soya karfasa. Lamba ba ta cin minti ɗaya. Sauran awa biyun karfasa ce da yaji da gardamar wanda ya fi kama babban kifi a ƙuruciya, kuma wallahi Malam Dikko bai taɓa jin daɗin tsufansa kamar a wannan inuwar ba.

Ran wata Asabar Hamida ta sauka daga motar Argungu tana murna. Ta kwanto allon, ta shimfiɗa tabarma, ta narka dalma ta liƙa masa wani ɗan guntun abu mai gajeriyar eriya. Waifai ne, in ji ta. Za ta rataye ɗan akwatin intanet mai layin waya kusa da shi, wanda batirinsa ke kai mako guda, allon ya riƙa aiko lamba kai tsaye zuwa wayar Inna da tata.

"Ka huta, Baba. Ba ka sake zuwa fadama."

Maimuna ta sa mata albarka har sau uku. Malam Dikko ya ce madalla, amma gabansa ya faɗi. A wajen mayar da allon ne ya ji tana gargaɗin yayyenta kada kowa ya rufe shi da kwano ko wani ƙarfe, don saƙo ba ya ratsa ƙarfe. Duk bayanin da ta yi ranar, wannan kaɗai ya zauna masa.

Washegari, bayan ta koma, ya ce zai je yi wa Maigandi sallama. Ya ari tsohuwar langar ƙarfe a wurinsa, ya kifa ta bisa allon da akwatin, ya danne da dutse. Kafin azahar wayar Maimuna ta yi tsit. Litinin da hantsi ga Malam Dikko tsakar gida da hula da biro, yana girgiza kai yana cewa kayan zamani ba su da amana, shi dai zai daure ya ci gaba da wahala saboda yarinya.

Kwana uku ya ci karfasa hankali kwance. A na huɗu, yana dawowa ya iske Maimuna da waya a kunne, ta sa ta a amsa-kuwwa. Hamida ce, muryarta a dashe. Ta bi rubutun umarnin allon layi-layi har sau shida, ta ce, ba ta ga kuskuren ba. Ranar Litinin malamai za su zauna su ga lamba tana shigowa, in ba ta shigo ba sai baɗi. "Inna, ƙila dai ni ce ban iya ba." Ta ce gobe tana tafe ta kwance komai.

Abincin ranar bai wuce masa ba, kuma ba laifin rashin gishiri ba ne. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Da sassafe ya nufi fadama, ko hula bai ɗauka ba, ya ɗage langar ya miƙa wa Maigandi. Maigandi ya tambaye shi ko a soya masa ta bankwana. Ya ce a soya biyu.

Allon kuwa ashe duk lambobin kwana biyar ya tara. Da Malam Dikko ya shigo gida ya tarar wayar Maimuna tana ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, ta kifa ta cikin kwandon albasa tana salati.

Hamida ta iso da hantsi duk da haka, ta ce sai ta ga abin da ya faru da idonta. Ya bi ta a baya. Ta durƙusa gaban turken ta duba dalmar, ta duba eriya. Sannan ta shafa murfin allon da yatsa, ta shinshina. Mai ne da yaji. Ta ɗaga kai ta dubi ɗorawar, inda Maigandi ya duƙufa yana wanke langa ɗaya tilo da ƙwazon da bai saba ba.

"Mi kika gani?" Malam Dikko ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ta goge yatsan a zanenta. "Batirin akwatin ne, Baba. Na yi zaton zai kai mako, ashe yini ɗaya yake yi. Dole wani ya riƙa kawo mai caji kullum da hantsi, ya koma da wancan. Zan gaya wa Inna." Ta miƙe tana kakkaɓe zanenta. "Amma kifi ɗaya tak, kuma gasasshe. In na ji an kai biyu, batirin zai gyaru."

Ta buɗe jakarta za ta mayar da kayan aiki. A ciki ya hango ɗan faifan sola sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba, da wayarsa a naɗe. Malam Dikko ba injiniya ba ne, amma ya san aikin sola. Suka haɗa ido. Ta ja zif ɗin ta rataya jakar, ta ce su tafi kafin rana ta yi masa zafi.