Tumun da Ba a Yanka Ba

"Zangarniya ɗaya fa na ce, Raudatu, ba dami ba!"

Tahiru ya tsaya a bakin zaure riƙe da hularsa yana huci. Mahauci ne da ya ajiye wuƙa, amma bakinsa bai ajiye kaifi ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Nomau a unguwar Birni, tun suna samari suke tsokanar juna. Yanzu ga Nomau an maido shi daga gidan likita ba don ya warke ba, abinci ya ƙi shiga, abu guda ya roƙa: tumu daga gonarsa ta hanyar Tirmini, daga layukan da ɗiyarsa ta fesa wa takinta.

Takin nan kowa a unguwa ya san labarinsa. Raudatu, ɗiyar tasa, a jami'a take bincike. Ganyen dogon yaro take tafasawa, ta tace, ta zuba wani gishiri na ƙarfe a ruwan, sai ya rikiɗe launi ya kwantar da gari mai laushin da ido ba ya iya ware ƙwayarsa. A labo, ɗakin gwajinsu, suna ce masa nano. Ɗan kaɗan ake damawa a fesa wa ganye. Da Nomau ya ba ta yanki a gonarsa ta gwada, 'yan'uwansa suka ce tsufa ya taɓa shi. Tahiru kuwa ya sa masa suna Manomin Shayi, Nomau na jin haushi yana dariya.

"Baba Tahiru, an ƙidaya kowace zangarniya a layukan nan," in ji Raudatu, idonta ya yi ja. "Sai ranar awo ake yanka. In na cire ɗaya, aikin damina ya ɓaci."

"To ki yanko a gefe, ki ce masa daga can ne."

"Ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

Ran Tahiru ya ɓaci sosai. Boko dai, in ji shi a zuci, har ya kai ɗiya ta hana ubanta loma. Yana shirin sake magana suka ji tari daga ɗaki.

"Ku shigo nan. Kunnena bai mutu ba."

Nomau na kwance a kan katifa kusa da ƙofa, ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Raudatu ta durƙusa.

"In an yanke mini ɗaya, me zai faru?"

"Awon ba zai zama gaskiya ba, Baba. Sai dai in ɓoye wa malamaina."

"Ranar awon fa, da saura?"

Ta sunkuyar da kai. Da saura, kuma su ukun sun san ba zai kai ba. Nomau ya lumshe ido har Tahiru ya zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ga kafaɗunsa na motsi, ashe dariya yake.

"Tahiru, ka ji ɗiyata? Ni na ba ta gonar, ni ta hana." Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Kar wanda ya taɓa hatsin nan. Kai da ka je jiya, gaya mini yadda yake. Ban da ƙari, na san bakinka."

Tahiru ya gyara zama. Ya ce karan bai fi na gefe tsawo ba, amma da ruwa ya ɗauke kwanakin baya, layukanta ba su yi yaushi kamar sauran ba, kuma zangarniyar ta cika har baki. Bai ƙara komai ba, abin da bai saba yi ba.

"Madalla," in ji Nomau. "Sauran na ma'auni ne."

Washegari da hantsi ya cika, Raudatu na ba shi ruwa a cokali.

A zaman makoki, duk wanda ya zo gaisuwa sai Tahiru ya tare shi da labarin, har 'yan'uwan mamacin. Yana faɗa yana buga ƙirji kamar shi ya haife ta. "Maƙwabcina da yunwarsa ya tafi, don kar a ce ɗiyarsa ta yi coge." Muryarsa takan karye a nan, sai ya yi kamar tari ne.

Bayan sadakar uku ya hau kabu-kabu zuwa gonar. Geron na tsaye, ba a taɓa ko ɗaya ba, amma tsuntsayen jan baki sun sauka a kansa garke guda. Tahiru ya tattare babbar rigarsa ya shiga tsakanin layukan a hankali, kada kafaɗarsa ta goge zangarniya. Tsohon da bai taɓa noma ba ya ɗaga hannu sama yana tafi, tsuntsayen suna tashi suna komowa, shi ma bai daina ba.