Tumatirin Gefen Dogo

Ba kowane tsiro ke iya zama a gefen layin dogo ba. Tsakuwar da aka shimfiɗa tana ɗaukar zafi kamar kasko, baƙin mai yana ɗiga daga jirage, sai irin su ƙaya da tumfafiya, marasa kunya, ke miƙe ƙafa. Amma daf da shiga tasha, inda jirgi kan tsaya jiran a ba shi hannu, tumatir ya fito. Ba wanda ya shuka shi. Gajera ce dai, matar mai sauke ƙarfen tare motoci a mararraba, ta gan shi tun yana ɗan ganye. Ta cire masa ciyawa, ta kafa masa sanduna, ta riƙa kai masa ruwan wanke-wanke a tsohon bokiti. Da ya nuna, sai ga shi jawur, manya-manya, fatarsa har sheƙi take.

Sheƙin nan ne ya jawo Madam, matar shugaban tasha. Ta zo da kwando da lema, ta ce ƙasar ta reluwe ce, reluwe kuwa a nan mijinta ne. Daga ranar, duk wanda ya nuna nata ne, Gajera sai tsintar wanda tsutsa ta riga Madam.

"Ki bar mata," in ji mijin Gajera. "Aikina a hannun mijinta yake."

Gajera ba mai yawan magana ba ce. Ta ce to.

Wata safiya Madam ta dawo, jirgin fasinja kuwa yana tsaye daf da su yana huci. Gajera ta karɓi kwandon tana tsinka mata, Madam na tsaye a inuwar lema tana ba da labari.

"Kin san manyanmu na hedikwata a gidana suka ci abinci makon jiya? Babbansu sai da ya ƙara. Matarsa har tambayata take a wace kasuwa nake samun tumatir."

"Ai dole ya yi daɗi, ranki ya daɗe," Gajera ta ce, kanta a sunkuye. "Irinsa ya sha tafiya."

"Daga ina?"

"Daga ko'ina. Kin san an hana shiga bayi idan jirgi yana cikin tasha. To duk mai matsuwa nan yake rige-rige kafin a shiga. Bayin tsofaffin taragun nan kuwa rami ne kawai, kai-tsaye ƙasa. Ita kuma ƙwayar tumatir ciki ba ya narkar da ita. Ga iri, ga taki, a lokaci guda."

Madam ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai wani ruwa ya zubo daga ƙarƙashin taragon da ke kusa, ya fantsama a kan tsakuwa. Wani fasinja ya leƙo ta taga yana gyara wuyan riga, ya yi musu sallama cikin ladabi.



Madam ta ja baya, ta goge tafin hannunta a zane, ta sake gogewa. "Yau ɗin nan zan sa maigidana ya turo masu feshi. Ko ganye ɗaya ba za a bari ba."

Gajera ta dakata da tsinka. Ita korar kwando ta yi niyya, ba kisan gona ba. Ta dubi sandunan da ta kafa, da 'yan furannin da ba su ƙulla ba tukuna.

"Gaskiyarki, ranki ya daɗe, a feshe shi," ta ce a hankali. "Sai dai masu feshin nan daga hedikwata suke zuwa, kuma sai an faɗa musu dalili. Bakinsu kuwa kin sani. Ni tausayin babban nan nake ji, da ya ƙara. Da matarsa."

Jirgin ya yi kuka, ya fara jan jiki. Madam ta tsaya har taragon ƙarshe ya wuce.

"Wa da wa suka san wannan zancen?"

"Ni da ke. Ko maigidana ban faɗa wa ba."

"To, ke Gajera, ni ban taɓa zuwa nan ba. Kin ji ko?"

"Ni ma ban taɓa ganinki ba, ranki ya daɗe. Kwandon fa?"

"Riƙe abinki."

Ta tafi tana ɗaga ƙafa a kan tsakuwa kamar mai tsallake kwata. Gajera ta ɗauki kwandon a ka, cike taf. A gida ta wanke tumatirin da ruwan gishiri, kamar yadda ta saba tun farko, ta ɗora tukunya.

Da rana mijinta ya shigo, ya ajiye tutarsa ta aiki a bayan ƙofa, ya buɗe kwano ya ga miya ja har baki.

"Ikon Allah. Madam ta bar miki yau?"

"Ta ce ya fara yi mata nauyi a ciki."

"Masu hali ke nan, komai sai sun sa masa suna," ya ce, yana miƙo kwanon. "Ƙaro min."